Wa Ke Da Hurumin Aure? Daga Masacusets Zuwa Titin Kotu

Duk lokacin da maganar auren jinsi ta taso a Kano, da an gama a'uziyya tambaya ɗaya ce ke biyowa: shin abin da ya faru a Amurka zai iya faruwa a nan? Masu tambayar sun ji cewa can ma ba rana ɗaya aka wayi gari da shi ba. Jiha guda ce ta fara, wata ta bi, wata ta ƙi, har ranar da alƙalai biyar suka ɗora shi a kan ƙasar baki ɗaya. Tunda mu ma tsarin tarayya muke bi, kuma a 1979 daga Amurkan muka aro tsarin shugaban ƙasa, tsoron yana da madogara. Sai dai tsoro ba ya karanta doka. Wanda yake son amsar gaskiya dole ya fara da wata tambayar da ba ta tayar da jijiyar wuya: a ƙasa mai gwamnati hawa-hawa, wa ke da hurumin cewa wannan aure ne, wancan ba aure ba ne?

Matsayina a kan asalin batun ba ɓoyayye ba ne. Ni Musulmi ne, abin da fiƙihu ya kira aure shi nake kira aure: namiji da mace, waliyyi, sadaki, shaidu da siga. Amma sanin hukuncin abu a addini daban, sanin yadda doka ke tafiya a ƙasa daban. Mu da muka yi karatu, mu ake waiwaya a majalisa da cikin dangi idan jita-jita ta ɓarke, kuma abin da muka faɗa a irin wannan lokaci yana iya zama sanadin kwantar da hankali ko sanadin fasa kan wani.

Yadda abin ya tafi a Amurka

Kundin tsarin mulkin Amurka bai ba gwamnatin tarayya ikon ɗaura aure ba. Jihohi ne ke ba da takardar izinin aure, su ke ƙayyade shekaru, su ke faɗin wanda ya halatta ga wa. Saboda haka tun asali dokar aure a Teksas ba lallai ta zo ɗaya da ta Niyok ba. Abin da ke ɗinke ɓarakar shi ne wata ƙa'ida a kundin nasu da ta wajabta wa kowace jiha mutunta takardu da hukunce-hukuncen 'yar'uwarta, tare da daɗaɗɗiyar al'adar cewa auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi ya inganta ko'ina.

A 1993 Kotun Ƙolin jihar Hawai ta yanke cewa hana masu jinsi ɗaya takardar aure na iya zama wariya, sai dai in jihar ta kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Wannan hukunci ya kaɗa hantar sauran jihohi, domin sun hango ranar da mutum biyu za su yi aure a Hawai su dawo gida da takarda a hannu. Martanin shi ne dokar kare aure ta 1996, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu. Ta ce a idon tarayya aure tsakanin namiji da mace ne kawai, kuma ba za a tilasta wa wata jiha amincewa da auren jinsi da aka ɗaura a wata ba.

Wannan bai rufe ƙofar jihohi ba. A 2000 Bamont ta ƙirƙiro wani zama mai rajista wanda ke ba da haƙƙoƙin aure ba tare da sunan aure ba. A Nuwamban 2003 Kotun Ƙolin jihar Masacusets ta yanke cewa kundin jihar bai yarda da hanin ba, aka fara ɗaura irin wannan aure a can ranar 17 ga Mayun 2004. A zaɓen Nuwamban shekarar jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar rubuta haramcin a cikin kundinsu, kuma a ƴan shekaru adadin masu irin wannan haramci ya kai kusan 30. A Kalifoniya kotu ta halatta a 2008, masu zaɓe suka soke a shekarar. A 2009 Bamont ta zama ta farko da ta halatta ta hanyar majalisar dokoki. Sai a 2012 ne masu zaɓe da kansu suka amince da shi a akwatin ƙuri'a, a jihohin Men, Meriland da Washintan.

Shekara goma ƙasar ta yi a rabe, mutum yana da aure a wannan gefen iyaka, ba shi da shi a wancan. Rigingimun da suka kai maganar Kotun Ƙoli kuwa na gado ne da takardar mutuwa. Edith Windsor ta kai ƙara ne saboda harajin gado na sama da dala 360,000 da tarayya ta caje ta bayan rasuwar abokiyar zamanta, harajin da ba a karɓa daga hannun matar aure. A 2013 kotun ta rushe sashen dokar 1996 da ya hana tarayya amincewa. Jim Obergefell shi kuma so yake jihar Ohayo ta rubuta sunansa a takardar mutuwar wanda ya aura a Meriland. Ranar 26 ga Yunin 2015, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, kotun ta ce dole kowace jiha ta ba da takardar, ta kuma amince da ta sauran. Hujjarta ita ce gyara na 14 na kundinsu, mai magana a kan daidaito a gaban doka, wanda da shi ne a 1967 aka rushe dokokin hana aure tsakanin baƙi da farare.

Abin lura shi ne jihohi ne suka buɗe hanya, amma kotun tarayya ce ta kammala. Jihohin da suka ƙi, hurumin da suke taƙama da shi bai tsare su ba. Kuma har yanzu ƙurar ba ta gama lafawa ba. Bayan kotun ta soke hukuncinta na zubar da ciki a 2022, Alƙali Clarence Thomas ya rubuta cewa ya kamata a sake duba na 2015 ma, abin da ya sa majalisa ta yi wata dokar a Disambar 2022 mai wajabta wa jihohi mutunta auren da aka ɗaura a wata jiha, ko da hukuncin ya faɗi wata rana.

Rabon da kundinmu ya yi

Mun ari riga daga Amurka, amma tela ya sake mata ɗinki. Kundin 1999 ya raba aure gida biyu. Abu na 61 a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu ya ƙunshi ƙullawa da warware aure, amma ya cire auren Musulunci da na gargajiya. Ke nan auren rajista, wanda muke ce wa auren kotu, na Abuja ne. Yana tafiya ne bisa dokar aure da muka gada tun 1914, wadda ke kan ma'anar da wata kotun Ingila ta ba aure a 1866, wato mace ɗaya da namiji ɗaya. Auren da ake ɗaurawa a masallacin unguwa bayan sallar Juma'a kuwa, shi da na gargajiya, suna hannun jihohi, kuma sashe na 277 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraren rigingimun auren Musulunci.

Da wannan rabo, hanyar Masacusets a toshe take ta fuska biyu. Jihar da ta so ƙirƙiro sabon nau'in auren rajista ta shiga gonar tarayya. In ta ce za ta bi ta ɓangaren da ke hannunta, to auren Musulunci da na gargajiya ba majalisa ce ta ƙirƙire su ba balle ta sake musu ma'ana. Majalisa na iya tsara yadda ake yin su, amma rukunansu sun girme ta.

Sannan ga dokar hana auren jinsi. An fara gabatar da ƙudurinta a 2006 zamanin Obasanjo, Majalisar Dattawa ta amince a 2011, ta Wakilai a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, da wanda ya yi rajista ko ya shiga ƙungiyar masu wannan ɗabi'a, ko ya bayyana irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ta kuma ce takardar irin wannan aure da aka samo daga ƙasar waje ba ta da ƙima a Najeriya. Sashe na 4(5) na kundinmu ya ce in dokar jiha ta ci karo da ingantacciyar dokar tarayya, ta tarayya ce a sama. Kafin duk wannan ma, sashe na 284 na dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya riga ya sa ɗaurin da ya kai shekara 14 a kan aikin kansa. A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu kaɗai ta halatta auren jinsi, a 2006, kuma ta kai can ne saboda kundinta ya ambaci wannan nau'in wariya da sunansa. Sashe na 42 na namu ya lissafa ƙabila, asali, jinsi, addini da ra'ayin siyasa, bai ambace shi ba. Taɓa wannan babi kuwa sai da kashi huɗu cikin biyar na kowane zauren majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36.

Ƙofar da mu ma muka bi

Ni mazaunin Tarauni ne, Titin Kotu na Gyadi-Gyadi hanyata ce. A wannan ɗan tsakanin akwai Babbar Kotun Tarayya, akwai kotunan majistare na jiha, kusa da juna kamar kishiyoyi a tsakar gida ɗaya. Mai wucewa a adaidaita sahu gini kawai yake gani. Amma mutanen Kano sun ɗanɗana bambancinsu a 2024, lokacin rikicin masarauta, sa'ad da kotun tarayya ta ba da umarni, babbar kotun jiha ta ba da kishiyarsa, aka kwana da sarki biyu a gari ɗaya, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a Janairun 2025 kotun tarayyar ba ta da hurumi a maganar sarauta. Kalmar hurumi da muke ɗauka ta lauyoyi ce, a wannan shekara ta shiga bakin masu shayi.

Akwai wata gaskiya da ba mu cika son haɗa ta da wannan batu ba. Ƙofar da Masacusets ta bi a 2003, irinta Zamfara ta bi a Oktoban 1999, Kano ta bi a Yunin 2000, har jihohin Arewa 12 suka shiga. Hujjar iri ɗaya ce: jiha tana da majalisarta, tana da jama'arta, tana da ikon yin dokar laifuffuka da kafa kotuna daidai da abin da mutanenta suka yarda da shi. Da yake sashe na 36(12) ya hana hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta a doka ba, sai aka zuba hukunce-hukuncen fiƙihu cikin kundi mai sassa da lambobi. A lokacin, mutanen Kudu da na ƙasashen waje sun yi mana irin kallon da muke wa Masacusets, suna tambaya yadda za a ce ƙasa ɗaya doka biyu. Tarayya ma ba ta kau da kai gaba ɗaya ba, domin a 2006 ta haramta Hisbar Kano ta kama shugabanninta, kafin hukumar ta ci gaba da aikinta.

Har yau da wannan hurumi muke aiki. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ba ta hau kan jihohi kai tsaye ba, sai da kowace ta yi tata, kuma shekarun aure na cikin abin da ya jinkirta ta a Arewa. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Mai neman aure a Gyadi-Gyadi yanzu sai ya je da takardar asibiti, ba don Abuja ta ce ba. Wannan ita ce dokar aure a matakin jiha, irin tamu.

Darasin da na ɗauka daga jera labaran biyu shi ne hurumin jiha wuƙa ce, ba ta san hannun mai ita ba. Wanda ya yi murna da ita a 2000 ba shi da bakin cewa haramun ce a hannun wani, sai dai ya yi jayayya da abin da aka yanka. Haka wanda ke kiran a ƙara wa jihohi iko, a ba su ƴan sanda da albarkatu, ya sani cewa Legas da Ribas ma za su samu irin abin da Kano za ta samu. A batun aure dai, abin da ya tsare matsayin da mafi yawanmu ke so shi ne haɗuwar ikon jiha da na tarayya a kan ra'ayi ɗaya, da kuma cewa Musulmi da Kirista na ƙasar nan, waɗanda ba kasafai suke haɗuwa a kan abu ba, sun haɗu a kan wannan.

Inda haɗarin yake

Idan ƙofar doka a rufe take haka, me ya sa muke firgita duk bayan ƴan watanni? Mu tuna Yulin 2024. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samowa, tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik, ranar 28 ga Yuni. Ranar 4 ga Yuli jaridar Daily Trust ta buga cewa yarjejeniyar ta ƙunshi goyon bayan masu neman jinsi a madadin dala biliyan 150. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta hau mumbari. A zaurukan WhatsApp da nake ciki, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a suna tura saƙon murya suna cewa an halatta auren jinsi a Najeriya. Ƙungiyar Lauyoyi ta ƙasa ta duba takardar ta ce babu wannan tanadi a ciki, kuma daga baya jaridar ta nemi afuwa bayan hukumar sauraren ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta same ta da kuskure. Ko da ma akwai tanadin, sashe na 12 na kundinmu ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a nan sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka, kuma in ta shafi abin da ba na tarayya kaɗai ba, sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince. Sa hannu a Burasels ba ya goge dokar 2014. Shakkar manufar Turawa a wannan fanni tana da dalili, domin ba su ɓoye abin da suke so ba. Amma shakka ba ta ɗauke wa mai ilimi nauyin karanta takarda kafin ya tura.

Firgici irin wannan ba a iska yake ƙarewa ba, a kan mutane yake sauka. A Janairun 2014, kwanaki bayan sa hannu a dokar, taron jama'a ya yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauci yana neman a miƙo masa waɗanda ake tuhuma, har sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. A Fabrairun shekarar aka bi gida-gida a unguwar Gishiri ta Abuja ana fito da samari ana duka. A nan Kano, Hisba ta kama mutum 12 a Janairun 2015 bisa zargin bikin auren jinsi, wanda ake zargin kuwa ya ce bikin zagayowar ranar haihuwarsa ne. A Disambar 2022 ta kama 19. A Legas, maza 47 da aka kama a wani otal a 2018, aka nuna fuskokinsu a talabijin, kotu ta kori ƙararsu a Oktoban 2020 saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidu. Shekara biyu suna zarya, wasu sun rasa aiki da muhalli, kuma korar ƙara ba ta goge hoton da ya riga ya zaga duniya.

A garinmu zargin luwaɗi ko maɗigo ba ya tsayawa a kan mai shi. Yana bin ƙannensa mata har ranar da za a zo neman aurensu, yana hana mahaifinsa zama a sahun gaba. Kuma ba shi da wuyar ƙirƙira: tafiyar mutum, muryarsa, sana'ar tuya da ɗan daudu ya gada a bakin tasha, ko gabar da ke tsakanin maƙwabta biyu, duk sun isa. Shari'ar da muke kishi ta san da wannan, shi ya sa ta tsananta hukunci ta kuma tsananta hujja. A mazhabar Malikiyya ba a tabbatar da wannan laifi sai da iƙirari ko shaidu huɗu adalai da suka gani da idonsu. Wanda ya yi zargi ya kasa kawo su, bulala 80 ta ƙazafi ke jiransa. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, malamai kuma sun ƙa'idance cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Kundin ƙasa ma, a sashe na 36(5), ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Wanda ya ɗauki rabin Shari'a mai hukunci ya bar rabin mai kare mutunci, son ransa ya bi.

Saboda haka amsata ga mai tambaya ko abin Amurka zai faru a nan ita ce: ta hanyar jiha, kundinmu bai bar wannan ƙofa ba, ta hanyar yarjejeniya, sai an bi ta majalisa a idon kowa, ta hanyar kotu, nassin da aka dogara da shi a Afirka ta Kudu babu shi a namu, dokar 2014 kuma tana nan daram. Wanda ke son a ci gaba da haka, aikinsa sa ido ne a kan gyaran kundin tsarin mulki da wanda yake zaɓa zuwa majalisa, aiki mai sanyi wanda ba ya tara jama'a. Abin da ke iya faruwa gobe da safe a layinmu kuwa shi ne a nuna wani yaro da yatsa, a ɗauki hotonsa, a taru a kansa kafin alƙali ya ji ko kalma ɗaya. A wannan ranar za a waiwayi mai ilimin unguwa a ji ta bakinsa. Ya kamata ya zama ya san doka ƙwarai, har ya iya cewa a dakata, a kawo hujja, a kai gaban alƙali.